MAKULLIN MALAM AMINU YANA HANNUN WA?

 

'Yan'uwa, kakar siyasa ta sake ƙaratowa. Nan ba da jimawa ba motoci masu lasifika za su fara ratsa kasuwar Kwanar Ɗangora, su bi ta Tudun Wada, su ƙetare dajin Falgore har Doguwa da Riruwai. Ƙauyukan da ba a taɓa tunawa da su ba tun da aka rantsar da waɗanda muka zaɓa za su ga ƙura. Duk kuwa wanda ya hau kan mota ya karɓi lasifika, abu ɗaya zai faɗa mana, wato shi ne magajin Malam Aminu Kano, jam'iyyarsa kuma ita ce ta talakawa. Mun ji wannan magana daga jam'iyyu huɗu ko biyar. Abin mamaki, wani lokaci daga baki ɗaya muka ji ta, riga ce kawai aka sauya.

Saboda haka muka ga ya wajaba mu waiwayi jam'iyyar da Malam ya kafa da hannunsa, wato PRP mai alamar makulli, mu ga abin da ta yi, da yadda ta rushe, da inda take a yau. Yawancin matasanmu ba a haife su ba sa'ad da take mulki. Wanda bai san kamannin uba ba, kowane baƙo ya zo ya ce shi ne ɗan, sai ya yarda.

Daga tauraro zuwa makulli

Tushen PRP shi ne NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, mai alamar tauraro, mai kiran Sawaba. Malam Aminu ya zama shugabanta a 1953. Ba masu kuɗi ne suka riƙe ta ba. Teloli ne da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai da manoma, waɗanda suka riƙa yankar kati da kuɗin aljihunsu. Sun sha ɗauri a gidajen yarin En'e, sun sha bulala a gaban alƙalai, an kori wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama domin ta ce mace ma mutum ce, tana da haƙƙin jefa ƙuri'a. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. A zaɓen tarayya na 1959 kujeru 8 kawai ta samu. Duk da haka mutanenta ba su watse suka bi mai mulki ba, gama abin da suke nema ba kujera ba ce kaɗai.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya kamata mu riƙe. Malam Aminu malamin addinin Musulunci ne mai tafsiri, bai kuma taɓa ɓoye wannan ba. Amma da ya tashi neman abokan tafiya, sai ya haɗa kai da Joseph Tarka na jam'iyyar UMBC, jagoran ƙananan ƙabilun tsakiyar Nijeriya, suka shiga zaɓen 1964 a gefe ɗaya. Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya kafa PRP, mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa ta 1979 Sam Ikoku ne, mutumin Gabas. Michael Imoudu, tsohon jagoran 'yan ƙwadago, yana cikin manyan jam'iyyar. Marubucin nan Chinua Achebe ma ya shige ta daga baya. Tambayar da ake yi a ƙofar gidan nan ita ce, kana tare da mai zalunci ko kana tare da wanda ake zalunta?

Masu raina PRP sukan ce ai jam'iyyar jiha ɗaya ce ko biyu. Gaskiya ne. A 1979 Kano da Kaduna kaɗai ta ci, Muhammadu Abubakar Rimi a nan, Abdulƙadir Balarabe Musa a can, da sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49. Amma a dubi nauyin jiha ɗayan nan. Kanawa sun ba Malam fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙuri'unsu, Alhaji Shehu Shagari bai kai kashi 25 a Kano ba, ya tsaya a ƙasa da kashi 20. Wannan ne ya jawo shari'ar nan ta lissafin sha biyu da biyu bisa uku, wadda sai da Kotun Ƙoli ta yanke kafin a rantsar da shugaban ƙasa. Jiha ɗaya mai sanin abin da take so ta tsayar da ƙasa duka a gaban alƙali.

Abin da makullin ya buɗe

Da yawa cikinmu muna yara a 1979, amma mun tuna yadda gida yakan yi tsit in lokacin haraji ya zo. Mai unguwa ya zaga, dagaci ya aiko. An sayar da akuya a farashin wulaƙanci, an buɗe rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba. Magidancin da ya rasa yakan kwana a gona, ko ya gudu ci-rani ya bar mata da 'ya'ya, domin kada a shanya shi a rana a ƙofar fada. Bafulatani kuma yana ɓoye shanunsa a daji saboda jangali.

Gwamnatin PRP tana hawa mulki ta soke haraji da jangali. Muna roƙonku ku lura da yadda abin ya zo mana. Ba a rubuta sunayen waɗanda za su amfana ba. Ba a ce sai ka kawo takarda daga shugaban jam'iyya na mazaɓa ba. Ba wanda ya tambayi sunanka, ko inda kake sujada, ko wanda ka zaɓa. Doka ce ta sauka a kan kowa kamar ruwan sama, ta jiƙa gonar liman, ta jiƙa gonar Bamaguje, ta jiƙa gonar mai bishara. Iyayenmu da ba su san kowa a birni ba sun sami rabonsu cif, daidai da na ɗan hakimi.

Haka kuma a 1980 gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka, har aikin ya sami lambar yabo ta UNESCO. A shekarar ce kuma ta mai da ranar 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Ta kafa jaridar Triumph. Mu da muka san darajar mutum ya karanta takarda da idonsa, ba sai an karanta masa ba, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan amfanin wannan.

Ga darasin da muke so ya zauna a zukatanmu. Mutumin da yake da yawa, ko yake da ubangida, zai iya rayuwa da alfarma. Amma marar yawa, wanda ba shi da kowa a gidan gwamnati, ba abin da ke tsare shi sai ƙa'ida wadda aka rubuta domin kowa. Duk ranar da rabon taki ko gurbin karatu ko takardar ɗaukar aiki ya koma jerin sunaye a aljihun wani, mun san sunan wa zai fara faɗuwa.

Yadda gidan ya tsage

Ba za mu yi wa PRP kwalliyar da ba ta da ita ba. Ba ta cika shekara biyu a kan mulki ba ta rabe. Gwamnoninta biyu suka riƙa zama da gwamnonin UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji, aka kore su. Kano ta kasu gida biyu, 'yan Santsi na Rimi da 'yan Taɓo na Malam. Wa da ƙane suka daina gaisawa. 'Yan banga suka sami aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta tashi a birni, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya koma NPP, ya sauka daga kujera ya bar wa Abdu Dawakin Tofa, ya tsaya takara, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Wata uku kacal Sabo ya yi, sojoji suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba, 1983. A nan mulkin PRP ya ƙare.

An sake yi mata rajista a jamhuriya ta huɗu, Balarabe Musa ya riƙe ta da aminci har tsufa ya ci ƙarfinsa, ya miƙa ragama a 2018, ya rasu a 2020. Amma tun daga 1983 ba ta ƙara kafa gwamnati a ko'ina ba. A Kano ta zama rumfar da ɗan takara kan fake in an hana shi tikiti a gidansu. Malam Salihu Sagir Takai ya tsaya mata takarar gwamna a 2019, Salihu Tanko Yakasai a 2023, ba wanda ya kusanci nasara. Ku zaga mazaɓunmu daga Ƙofa zuwa Kafin Maiyaƙi zuwa Burum-Burum, ku nemi inda 'yan PRP ke taron wata-wata suna karɓar kuɗin kati. Suna yana nan, makulli yana nan a kan takardar zaɓe, amma gidan da yake buɗewa babu kowa a ciki. Muna faɗin haka da baƙin ciki, domin ba abin murna ba ne.

Masu cewa su ne magada

To, in PRP ta zama kango, ina gadon ya koma? Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan haka su ne 'yan jar hula, waɗanda suka ce shigar Malam suke kwaikwaya. A 2022 Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya shiga NNPP, jam'iyyar da Boniface Aniebonam ya kafa shekaru ashirin kafin nan, wadda kusan ba wanda ya san da ita a Kano. Cikin shekara ɗaya ta share jihar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Kwankwaso ya sami ƙuri'u kusan miliyan ɗaya da rabi a ƙasa duka, kusan miliyan ɗaya daga ciki na Kano ne. Abba Kabir Yusuf ya ci gwamna da ƙuri'u 1,019,602, kotuna biyu suka ƙwace, Kotun Ƙoli ta mayar masa ranar 12 ga Janairu, 2024. A nan Kano ta Kudu, Kawu Sumaila ya ci sanata, Abdulmumin Jibrin Ƙofa ya ci Kiru da Bebeji, duka a NNPP. Ga jam'iyyar jiha ɗaya ta sake bayyana, kamar a 1979.

Ba za mu hana mai gaskiya gaskiyarsa ba. Gwamnatocin Kwankwaso sun kafa jami'o'i biyu, ta Wudil da ta Northwest, sun ciyar da 'yan firamare, sun tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasashen waje. Wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba. Amma tambayarmu a kan jam'iyya ce. Me NNPP ta tsaya a kai wanda zai rage in an cire mutum ɗaya? Amsa ba ta daɗe ba ta zo. A 2025 Kawu Sumaila ya koma APC. A shekarar NNPP ta kori Ƙofa, shi ma ya koma APC. A watan Janairun 2026 gwamnan da kansa ya fice ya bi su. Mutanen Kiru da Bebeji sun dangwala wa kwandon kayan marmari, ba a sake tambayarsu ba suka wayi gari ƙuri'arsu tana wani gida.

Kada wani ya ɗauka da jam'iyya ɗaya muke. Kwankwaso kansa daga PDP ya tafi APC a 2013, ya dawo PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Malam Ibrahim Shekarau ya yi ANPP da APC da PDP, ya sake APC, ya shiga NNPP a 2022, bai rufe shekarar ba ya koma PDP. Ciwon kuma ba yau ya fara ba, mun riga mun ga Rimi ya buɗe wannan ƙofa a 1983. Ɗan NEPU yakan shiga kurkuku domin ya ƙi sauya kati. Ɗan siyasar yau yakan sauya kati tsakanin sallar azahar da la'asar, ya kira taron manema labarai ya ce domin jama'arsa ya yi. Wace jama'a aka tara a Gwarmai ko a Dariya aka nemi izininta?

Mu kuwa da ke ƙasa mu ne ke biyan kuɗin. Ba mu manta da abin da ya faru a Tudun Wada bayan zaɓen watan Fabrairun 2023 ba, sa'ad da aka ƙona ofishin NNPP, aka rasa rayuka. 'Ya'yan talakawa ne suka mutu a kan alamar jam'iyya. Yau ga manyan da aka yi faɗan dominsu suna shiga suna fita a inuwa ɗaya. Wa zai je ya yi wa iyayen waɗannan yara bayani?

Namu laifin

Yanzu bari mu juyo gida, gama ba daidai ba ne mu share ƙofar maƙwabci tamu tana cike da shara. Mu shugabannin ikilisiya muna da hannu a wannan lalacewa. A wata kakar zaɓe wani ɗan takara ya aiko wa ɗaya daga cikin majami'unmu da bandir biyu na kwanon rufi da buhunan shinkafa. Muka karɓa, muka yi godiya, muka sa masa albarka a gaban jama'a. Ba wanda ya tambaye shi ko da abu ɗaya a kan makarantar ƙauyen da ba ta da malami. Ya ci zaɓe. Da muka je ofishinsa daga baya da kukan 'ya'yanmu, sai yaransa suka tuna mana cewa ai an riga an sallame mu. Gaskiya suka faɗa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, mu kuwa mun ci, mun yi askin, ciniki ya ƙare. Muna wa'azi a kan Isuwa da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda ƙwaryar abinci, alhali kwanon yana bisa kanmu.

Laifi na biyu shi ne maganar nan da muke yawan ji a bakin dattawa, wai mu kaɗan ne, ƙuri'armu ba ta sauya kome, gara mu zauna a gida mu tsira da mutuncinmu. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. A zaɓen gwamna na 2019, bayan zagaye na biyu, ƙuri'u 8,982 ne kacal suka raba Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf, a jihar da kowannensu ya haura miliyan ɗaya. Kujerar Kiru da Bebeji sai da kotu ta sa aka sake zaɓenta a watan Janairun 2020, ta kuwa sauya hannu, Ali Datti Yako ya karɓe ta. Kujerar Tudun Wada da Doguwa ba ta kammalu ba a 2023 sai da aka yi zaɓen cike giɓi a watan Afrilu. A wurin da ake cin zaɓe da tazara irin wannan, ba wanda ya isa ya ce ƙauyukanmu ba su da nauyi. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa suke zuwa da kwano. Mu ne kawai ba mu sani ba.

Abin da muke kira a yi

Wannan takarda ba za ta ce muku ku zaɓi wane ko ku ƙi wane ba, bagade kuma ba dandalin kamfe ba ne. Amma muna da shawara huɗu.

Na ɗaya, duk wanda ya kai shekara 18 ya tabbata yana da katin zaɓe a hannunsa kafin zaɓen 2027, mata da maza. Matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979, bayan wahalar da su Gambo Sawaba suka sha. Kada zumuntar mata ta yi wasa da abin da aka saya da tsada haka.

Na biyu, kada wata majami'a ta ƙara karɓar kyautar ɗan takara a kakar zaɓe. In rufinmu yana yoyo, mu yi baiko mu gyara. Wanda ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a waje, a ba shi ruwa, a miƙa masa bukatunmu a rubuce, ya sa hannu ko ya ƙi a gaban shaidu.

Na uku, bukatun nan su zama irin na soke haraji, wato waɗanda za su sauka a kan kowa. Taki ya iso kafin shuka, a sayar a fili a farashi ɗaya. Manoman da madatsar Tiga ke zaune a ƙasarsu tun zamanin Audu Bako su ga ruwan noman rani a gonakinsu. A tsare hanyar Falgore domin mai kai masara kasuwa ya dawo gida lafiya. A sa malamai a makarantun ƙauye. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma a ba duk wanda kakanninsa ke kwance a ƙasar nan, ba tare da an dubi sunansa an ce ya dawo gobe ba. Yawancin waɗannan kukan maƙwabtanmu Musulmi ne su ma, domin tsadar taki ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba. Mu neme su mu rubuta takardar tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, matasanmu masu sha'awar siyasa su shiga jam'iyyar da suka ga dama tun daga mazaɓa, su yanki kati da kuɗinsu, su halarci taro, su nemi a karanta musu tsarin mulkin jam'iyyar da manufofinta. In an ce babu, ko an ce manufa ita ce abin da jagora ya faɗa da safe, to sun san inda suka shiga. Kada kuma ɗan kowa ya ɗauki gora ko wuƙa saboda mutumin da gobe zai rungumi abokin gabarsa a Abuja.

'Yan'uwa, sa'ad da mai lasifika ya iso ƙauyenku ya ce shi ne magajin Malam, kada ku yi masa gardama, kada kuma ku dubi launin hularsa. Ku tambaye shi cikin ladabi: jam'iyya nawa ka yi a shekara goma da suka wuce? Wace doka ɗaya za ka kawo wadda za ta amfani wanda bai zaɓe ka ba? In ka sauya sheƙa bayan mun zaɓe ka, za ka dawo ka nemi izininmu? Malam Aminu ya bar gida ɗaya a Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya, kowa yana iya zuwa ya ga irin zaman da ya yi. Wanda ya amsa tambayoyin nan uku ba tare da kame-kame ba, a saurare shi.

Allah ya ba mu hikima, ya ba jiharmu zaman lafiya, ya sa mu ga bayan zaɓen nan ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Amin.